Hajjin Ƙasa da Tsibirin Sawakin: Matafiyan da Suka Zama 'Yan Gida a Sudan

A 'yan shekarun nan Zanzibar ta shiga bakin masu hali a Kano da Kaduna da Abuja. Ana zuwa hutu, a zaga lungunan tsohon gari, a ɗauki hoto a gaban manyan ƙofofin katako masu sassaƙa, a sayo kanumfari a dawo. Amma gabashin Afirka yana da wani tsibirin da Bahaushe ya sani tun kafin jirgin sama, wato Sawakin, a gaɓar Bahar Maliya ta ƙasar Sudan. Kakanninmu ba shaƙatawa ta kai su can ba. Nan ne ƙasa take ƙarewa ga mai tafiya Makka da ƙafa, daga nan sai jirgin ruwa zuwa Jidda. Wannan al'ada ta hajjin ƙasa ita ce ta haifi al'ummar Hausawa ta Sudan, kuma wanda yake son ya fahimce ta dole ya dubi Khartum da Umdurman, inda da yawa daga masu nufin tsibirin suka sauke kaya ba su sake ɗauka ba.

Sawakin da Zanzibar 'yan uwa ne ta fuskar gini da sana'a. Dukansu garuruwan fatake ne na bakin teku, an gina su da dutsen murjani da ake sarowa daga ruwa, a shafe da farar ƙasa. Abin alfaharin Zanzibar ƙofofinta ne, na Sawakin kuwa tagogin katako masu raga da ke leƙowa kan titi, irin na tsohuwar Jidda, waɗanda iska ke shiga ta cikinsu amma idon mai wucewa ba ya shiga. Ibn Batuta ya sauka a Sawakin, ya kuma kai Kilwa ta ƙasar Sawahili a 1331. Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta karɓi Sawakin a ƙarni na 16, Sayyid Sa'id na Oman kuma ya mayar da fadarsa Zanzibar wajen 1840. Ko'ina a cikinsu Larabci ya gauraya da harsunan Afirka, kuma ko'ina an yi cinikin bayi, abin da bai kamata kyan gini ya mantar da mu ba.

Hajjin ƙasa yana da tsarinsa. Mai niyya yakan biya bashi, ya nemi gafarar dangi, ya bar wasiyya, domin ba a sa ranar dawowa. Sau da yawa har da mata da 'ya'ya ake tashi. Daga Kano a bi ta Maiduguri, a ƙetare zuwa Farlami, wato Njamaina ta yau, sai Abashe, sai Janaina da Fashir a Darfur, sai Ubayyid a Kurdufan, inda layin dogo ya iso wajen 1912. Guzuri ba ya kai mutum ƙarshen wannan hanya, don haka sana'a ce take ɗaukarsa. A tsaya a yi noman damina a wannan gari, a yi ɗinki ko wanzanci ko ga-ruwa a wancan, malami ya buɗe makarantar allo ya yi rubutun sha, in an tara abin gaba a ƙara gaba. Tafiyar takan ci shekaru. A kowane babban gari akwai zango da mai masauki wanda ya san harshe, ya san hukuma, ya san inda ake neman ma'aikata.

Abin da ya mayar da wannan hanya ta ɗaiɗaikun alhazai ta zama ta jama'a guda shi ne zuwan Turawa. Tun zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ake da imanin cewa a ƙarshen zamani za a yi hijira gabas a tarbi Mahadi. Da Muhammad Ahmad ya bayyana a Sudan yana cewa shi ne Mahadi, wanda daga baya ya ci Khartum a Janairun 1885 ya kafa Umdurman a matsayin cibiya, Hayatu ɗan Sa'idu, jinin Shehu, ya yi masa mubaya'a daga ƙasar Adamawa. Sannan Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Turawa a 1903. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya nufi gabas da jama'arsa, aka kashe shi a Burmi a watan Yulin shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar wajen 1906. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, hannun mutanen Afirka ta Yamma ne ya ɗauki kaso mai nauyi na shuka da tsinka.

Daga ƙauyukan Jazira aka gangaro babban birni. A kudancin Khartum aka yi unguwar bukkoki da ake kira Ishash Fallata, wadda daga baya hukuma ta tashe ta, aka mayar da mutanenta unguwar Inƙaz. Kafin yaƙin da ya tashi a 2023, wanda ya bi kasuwannin Umdurman da yamma zai tarar da mai agashe ya jera tsinkayen nama kewaye da garwashi, ya yanka naman falle-falle, ya birkima shi cikin garin ƙuli da yaji, yana miƙa wa mai saye da albasa da lemon tsami. Mai sayen Balaraben Sudan ne, cinikin da Larabci ake yi, amma da mai agashen ya juya wajen yaronsa sai ka ji Hausa. Can gefe mace ce da ƙwarya tana dama godogodo, gero da nono, ƙanwar furarmu. Waɗannan abinci biyu yau sun zama na Sudan baki ɗaya. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum ya yi littafi a 1999 kan yadda Hausar can ta sha Larabci ta kuma tsaya da ƙafarta.

A nan ne al'adar take da fuska biyu, kuma dole a dube su duka. Masanin halayyar al'umma C. Bawa Yamba, a littafinsa na 1995, ya nuna cewa a ƙauyukan Jazira akwai jikoki da tattaɓa-kunnen matafiyan farko, an haife su a Sudan, ba su taɓa ganin Kano ko Makka ba, amma har yanzu suna ɗaukar kansu alhazai a kan hanya. Wasu ma ba sa son gina gida mai ƙarko, don kada ya zama alamar sun fasa niyya. Wannan tunani ya yi wa jama'ar amfani babba. Shi ya riƙe musu harshe da karatun allo da zumunci, ya ba talaka mai tsinkar auduga mutuncin cewa wahalarsa ibada ce. Ba don shi ba, da wuya a ji Hausa a bakin Nilu bayan shekara ɗari.

Amma an biya shi da tsada. Wanda ya ce shi mai wucewa ne, ba ya neman takardar fili, ba ya neman kujerar majalisa, sau da yawa ba ya sa ɗansa makarantar gwamnati. Hukumar mulkin mallaka ta ji daɗin haka, domin ta sami ma'aikata masu haƙuri waɗanda ba sa neman haƙƙin 'yan ƙasa. Da aka sami 'yanci, dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a Sudan tun ƙarshen 1897. Duk wanda ya zo bayan Burmi ya faɗa waje ke nan. An sassauta dokar daga baya, amma kallon baƙo bai gushe ba. A Yulin 2022, da Hausawan jihar Shuɗin Nilu suka nemi a ba su masarautar gargajiya tasu, rikici ya ɓarke, aka kashe mutum sama da 100, Hausawa suka fito zanga-zanga a Khartum da Kasala da Gadarif. Laifin jinin yana wuyan waɗanda suka zubar da shi da 'yan siyasar da suka hura wutar. Duk da haka, mai nazari ba zai kauce wa ganin cewa kalmar nan ta mai wucewa da ta raya al'ummar ita ce kuma aka juya aka doke ta da ita.

Ita kanta hanyar ta mutu a hankali. Turawa sun fara gina tashar Bur Sudan a 1905 domin mashigin Sawakin ya yi wa manyan jiragen ruwa ƙunci, fatake suka kwashe suka koma can. A Kano, su Alhaji Mahmud Ɗantata suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta WAPA a ƙarshen shekarun 1940, wadda sunanta ya zauna a Fagge har yau. Mota ta rage shekaru zuwa makonni, jirgin sama ya mayar da su awoyi, fasfo da biza suka rufe abin da ya saura. Gidajen Sawakin kuwa, da aka daina zama cikinsu aka daina yi musu shafe, sai gishirin iska ya cinye su suka zube. Zanzibar ba ta zube haka ba, domin mutane ba su bar ta ba. An kafa hukumar kula da tsohon garin a shekarun 1980, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2000. Sawakin sai da hukumar raya ƙasashe ta Turkiyya ta zo ta gyara masallatan Hanafiyya da Shafi'iyya, Shugaba Erdogan ya ziyarci tsibirin a Disambar 2017.

Darasin da ke tsakanin tsibiran biyu shi ne gado yana rayuwa ne muddin masu shi suna cikinsa. Gadon hajjin ƙasa ba ya cikin bango. Yana bakin tsofaffin da suka san sunayen zangogi, da takardun ajami da ke cikin gafaka, da silsilar malamai, da Hausar da ake yi a Inƙaz da Mai Wurno. Yaƙin da ya tashi ranar 15 ga Afrilun 2023 ya watsa mutanen Khartum da Umdurman, ya kuma kai har Jazira da Sinnar. Tsoho ɗaya da ya rasu a sansanin gudun hijira yana iya tafiya da labarin zuri'a guda.

Akwai bashi a tsakaninmu da Sudan ta ɓangarori biyu. Malaman Sudan ne suka koyar a Makarantar Shari'a ta Kano da aka buɗe a 1934, Sheikh Abubakar Gumi ya yi karatu a Bakhtar Ruda, dubban 'ya'yanmu sun fito daga Jami'ar Afirka ta Khartum. Ya kamata Jami'ar Bayero da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Gidan Arewa na Kaduna su haɗa hannu da masanan Sudan, a ɗauki muryoyin waɗannan mutane a adana takardunsu tun ana iya samun su. Irin wannan aiki ya wuce tarihi kawai. Shi ne shaidar da za ta nuna, ranar da aka zauna gyara ƙasar, cewa mutanen da suka haƙa magudanan Jazira, suka binne kakanni huɗu a bakin Nilu, 'yan Sudan ne cikakku, kuma niyyar Makka da kakansu ya ɗaura ba ta rage musu komai daga wannan haƙƙi ba.