*Shaihu Umar* a Hannun Mai Karatu na Jere: Tsokaci kan Zaɓen Littattafan Hausa don Karatun Nishaɗi

1.0 Gabatarwa

Tun daga 1933, lokacin da Hukumar Fassara ta Zariya a ƙarƙashin Dokta R. M. East ta shirya gasar da ta haifar da ƙagaggun labarai biyar na farko, yawancin littattafan adabin Hausa ta ƙofar makaranta suke isa hannun jama'a. Ɗalibi ya karanta don jarrabawa, in ya gama ya ajiye. Idan kuwa wani ya nemi malami ya zaɓa masa abin da zai karanta don kansa, akan karanto masa jerin nan na manhaja, sai ka ce duk mai karatun Hausa Bakano ne ko Bakatsine. Wannan maƙala ta ɗauki mai karatu na Jere da kewayenta a matsayin misali, domin nuna cewa mai ba da shawara dole ya san wanda yake miƙa wa littafi kafin ya miƙa.

2.0 Mai Karatun da Ake Nufi

Jere tana cikin ƙaramar hukumar Kagarko, a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, inda Hausawa da Fulani suke zaune tare da Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, da kuma Koro. Idan aka nausa gabas zuwa Kafanchan, akwai Ham da Bajju da Atyap da sauransu. Ga da yawa daga cikinsu Hausa harshe ne na biyu, na kasuwa da tasha da wurin ibada. Wannan mai karatu yana jin Hausa sarai, amma tsohuwar Hausar fada da kalmomin aro na Larabci suna iya yi masa nauyi. Bayan haka, yana da tarihin da ya gada game da hare-haren bayi na ƙarni na 19, kuma da wannan tarihi zai buɗe littafi.

3.0 Gajerun Labarai

Mafi dacewa a fara da *Magana Jari Ce* na Abubakar Imam, wanda ya fito cikin littattafai uku a ƙarshen shekarun 1930. Dalilin farko zubinsa ne: aku yana ba da labari bayan labari, kowanne ana iya gama shi a zama ɗaya. Dalili na biyu shi ne tushen labaran. Imam ya ɗebo da yawa daga *Alfu Laila* da tatsuniyoyin Turai ya sa musu rigar Hausa, saboda haka jigoginsu, wato haɗama da wayo da sakayya, ba su keɓanta da wata al'umma ba. Daga nan sai *Ruwan Bagaja*, inda raha tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe take jan mai karatu har ƙarshe. Mai son labaran zamani kuwa a nuna masa waɗanda suka yi fice a gasar Hikayata ta mata, wadda Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016.

4.0 *Shaihu Umar* da *Ganɗoki*

A nan ne shawara take bukatar taka-tsantsan. A farkon *Shaihu Umar* na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Sarkin Kagara ya tura mayaƙa hari ƙasar Gwari, cikinsu har da Makau, mijin mahaifiyar Umar. Ɗalibin Kano yana iya wuce wannan shafi bai ji komai ba. Bagwaren Jere kuwa kakanninsa ake magana. Duk da haka bai kamata a ɓoye masa littafin ba, domin warwarar jigonsa tana tare da shi. Bayin da aka kamo su ne sanadin ƙazafin da ya sa aka kori Makau daga gari. An sace Umar yana yaro, ya zama bawa, aka tsallaka Sahara da shi. Mahaifiyarsa ta fita nemansa, ita ma aka bautar da ita, kuma ba ta daɗe ba bayan sun sadu ta rasu. Ke nan bautar da gidan Makau ya taya kamawa ita ce ta cinye gidan. Mai karatun da ya gane haka ya sami littafin da zai riƙe.

*Ganɗoki* na Bello Kagara lamarinsa daban. Kirari da zuga ne ƙashin bayan salonsa, kuma waɗanda jarumin ya yaƙa ba su da murya a cikinsa. Littafi ne mai daraja ga mai nazarin salo da tarihin zuwan Turawa, amma a jinkirta shi har mai karatu ya ƙosa. A madadinsa ana iya ba da *Jiki Magayi* na John Tafida Wusasa da East, wanda ya ginu kan soyayya da ramuwar gayya, ko *Ƙarshen Alewa Ƙasa* na Bature Gagare daga gasar 1982, wanda jaruminsa Mailoma ya fito daga cikin Maguzawa. Daga wannan gasa kuma akwai *Tsumangiyar Kan Hanya* na Musa Muhammad Bello, kan haɗurran mota, jigon da mazaunin bakin babbar hanya ba ya bukatar a yi masa sharhinsa.

5.0 Rubutattun Waƙoƙi

"Waƙar Damina" ta Na'ibi Sulaiman Wali ita ta fi cancanta a fara da ita, domin manomin citta na ƙasar Ham da manomin doya na ƙasar Gbagyi sun san abin da take siffantawa. Sai waƙoƙin Mu'azu Haɗeja, saboda sauƙin kalmominsu da jigon gyaran hali. *Fasaha Aƙiliya* na Aƙilu Aliyu ya biyo baya, a kuma shawarci mai karatu ya rera baitocin a bayyane, don a kunne amsa-amo da kari suke bayyana. "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya" ta Sa'adu Zungur tana bukatar sanin siyasar Arewa kafin samun 'yancin kai a 1960, don haka ta zo daga ƙarshe.

6.0 Kammalawa

An ga cewa zaɓen littafi don karatun nishaɗi ya rataya kan abubuwa uku: nauyin harshe, da tsawon aiki, da matsayin mai karatu a cikin labarin. Na ukun shi ne manazarta suka fi sakaci da shi. Idan malamai suka ci gaba da miƙa jeri ɗaya ga kowa, ɗimbin masu jin Hausa na kudancin Kaduna za su tsaya ga Hausar ciniki, su bar adabin. Ya kamata sassan Hausa, musamman na kwalejojin horar da malamai irin ta Gidan Waya, su bincika yadda waɗannan masu karatu suke karɓar littattafan, su kuma tsara shawararsu a kan abin da suka gano.