Dan Leno da Tsohuwar Fantomaim: Ba'a ko Tausayi?

1.0 Gabatarwa

Sau da yawa idan masu nazarin wasan kwaikwayo a ƙasar nan suka waiwayi Ingila, ba sa wuce Shakespeare da ire-irensa, sai ka ce Turawa ba su da wasan da talakansu yake kallo. Alhali kuwa suna da wani wasa mai farin jini da suke kira fantomaim, wanda ake yi kowace shekara a lokacin Kirsimeti. Tatsuniya ake ɗauka a mayar da ita wasa, a cika ta da waƙa da rawa da ban dariya. A cikin 'yan wasan akwai wata tsohuwa da suke kira Dame, wadda bisa al'ada namiji ne yake fitowa a matsayinta. A wannan takarda za mu kira ta Gwaggo.

Manufarmu ita ce mu dubi rayuwa da aikin Dan Leno, wanda ya yi zamani daga 1860 zuwa 1904, wanda kuma ake ɗauka shi ne ya daidaita siffar Gwaggo kamar yadda aka san ta. Tambayar da za mu yi ƙoƙarin amsawa guda ce: sa'ad da ƙato ya sa tufafin tsohuwa jama'a suka bushe da dariya, wa ake yi wa dariyar? Ra'ayinmu shi ne Leno ya fitar da Gwaggo daga zama abin ba'a ya mai da ita mutum, amma bai iya raba ta da ba'ar ƙwata-ƙwata ba, shi ma kansa bai iya rabuwa da ita ba.

2.0 Asalin Gwaggo

Kafin 1660 mata ba sa hawa dandamalin wasa a Ingila, samari ne suke fitowa a matsayinsu. Bayan da aka buɗe wa mata ƙofa sai suka karɓe matsayin budurwa da na sarauniya, amma matsayin tsohuwa mai ban dariya ya ci gaba da zama a hannun maza. A fantomaim kuwa juyin ya zama biyu, domin saurayin labarin ma budurwa ce take fitowa a madadinsa. Watau uwa namiji ce, ɗanta kuma mace.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san tashe, inda yaro yakan ɗaura zane ya zama matar gida, yarinya kuma ta sa riga da hula ta zama maigida. A nan da can ba a nufin a yaudari mai kallo. Ana so ne ya riƙa ganin namijin da macen a lokaci guda, domin daga tsakaninsu ne dariyar take fitowa. Ya kamata kuma a lura cewa shigar Gwaggo sana'ar dandamali ce kawai. Leno magidanci ne mai mata da 'ya'ya, in an tashi wasa sai ya tuɓe ya koma gida.

3.0 Taƙaitaccen Tarihinsa

Sunansa na yanka George Wild Galvin. An haife shi a unguwar St Pancras ta Landan ranar 20 ga Disamba, 1860. Iyayensa mawaƙa ne da suke yawo gidajen waƙa da raha, ba su da komai. A 1864, tun bai cika shekara huɗu ba, aka hau da shi dandamali yana lanƙwasa jiki. A wannan shekarar mahaifinsa ya mutu, giya ta cinye shi. Uwar ta koma Liverpool ta auri wani ɗan wasa mai laƙabin Leno, daga nan yaron ya sami sunan. Shi kuwa Dan suna ne na Turawa, ba shi da dangantaka da kalmarmu ta ɗa.

Ƙuruciyarsa duk a kan hanya ya yi ta, daga wannan gari zuwa wancan a arewacin Ingila da Ailan, yau a ci gobe a kwana da yunwa. A 1880 ya ci gasar rawar takalmin katako a Leeds. A 1885 ya shigo Landan, a 1886 kuma ya fito a matsayin Gwaggo a gidan wasa na Surrey. A 1888 Augustus Harris ya ɗauke shi zuwa Drury Lane, gidan da ya fi kowane girma a harkar fantomaim, inda ya yi wasanni 16 a jere. Ba duka ne ya fito a mace ba, amma da matan aka fi tuna shi, musamman Bazawara Twankey a wasan Aladdin na 1896, da tsohuwar Mother Goose a 1902. A watan Nuwamba na 1901 Sarki Edward na VII ya kira shi ya yi wasa a gidansa na Sandringham, daga nan jaridu suka laƙaba masa Wawan Sarki.

Mun kawo wannan tarihi ne domin yana da hannu a salonsa. Matan da Leno ya tashi a cikinsu su ne masu gidajen haya, da masu wankau, da zawarawa masu 'ya'ya, da uwa tasa. Bai koyi Gwaggo daga littafi ba.

4.0 Salonsa

Abin da aka saba yi wa Gwaggo shi ne shigar wuce-gona-da-iri, da faɗuwa, da ihu. Leno ya rage wannan. Shi ɗan ƙaramin mutum ne siriri, mai fuskar damuwa, girarsa kullum a ɗage kamar wanda aka ba labarin da ya ɗaure masa kai. Yakan fito da gashi a tufke, da mayafi a kafaɗa, da tsohon takalmi, watau kamar kowace talakar mace a titin Landan. Abokin wasansa a Drury Lane, Herbert Campbell, ƙato ne mai tumbi, saboda haka ganinsu tare kaɗai ya isa raha.

Amma ƙarfin Leno a bakinsa yake. Ya rage waƙa ya ƙara hira, yana magana da 'yan kallo kamar maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Misali mafi kyau shi ne wasansa na wata mata da ta shekara da shekaru tana farautar wani mutum ya aure ta. A tsakiyar ƙorafinta sai ta ambaci wata ƙawarta, Mrs Kelly, ta tsaya tana mamakin yadda za a ce akwai wanda bai san ta ba, ta yi ta nanata sunan har ta manta da abin da ya kawo ta. Ba a taɓa ganin wannan ƙawa a dandamali ba, amma kowa yakan fita kamar ya san ta. Abin dariya a nan ba muni ba ne, ba kuma tsufa ba. Abin dariya shi ne mace ce da duniyarta ba ta wuce lungunsu ba, ta kuwa ɗauka lungun shi ne duniya. Mai kallo yana dariya ne domin ya gane uwarsa ko gwaggonsa, in ya yi gaskiya ma ya gane kansa.

Har ila yau, abubuwan da suke damun Gwaggon Leno na gaske ne: kuɗin haya, da bashi, da miji mashayi, da ɗa malalaci. Ba ta cin nasara a kansu, amma ba ta yin shiru. Wannan naci shi ne mutuncinta. Murya kaɗan daga cikin wannan hira ta tsira a fayafayen garmaho da ya ɗauka tsakanin 1901 da 1903.

5.0 Mother Goose da Iyakar Tausayin

J. Hickory Wood ya tsara wasan Mother Goose na 1902 domin Leno musamman, shi ne kuma wasan da Gwaggo ta zama ginshiƙin labari. Wata talakar tsohuwa ce ta sami dinya mai saka ƙwan zinariya, ta yi arziki. Da ta sami dukiya sai ta ga saura ƙuruciya da kyau, ta ba da dinyar domin ta yi wanka a wani tafkin sihiri. Ta fito tana taƙama, amma mutanenta suka guje ta, sai ta yi nadama ta shiga neman abin da ta yar. Jigon a fili yake, watau kwaɗayi mabuɗin wahala.

Wasan ya ba Leno damar nuna mace guda cikin hali uku: talauci, da arziki, da kyau. Sai dai a nan ne kuma iyakar tausayin take bayyana. Da tsohuwa ta nemi kuɗi, labarin ya ba ta. Da ta nemi a dube ta a so ta, sai ya hukunta ta. Kuma duk rahar wurin da ta fito daga tafki ta dogara ne ga sanin da 'yan kallo suka yi cewa namiji ne, watau kyan da take taƙama da shi ba zai taɓa yiwuwa ba. Maza ne suka rubuta, namiji ne ya fito, darasin kuwa mace aka yi wa: ki tsaya inda aka ajiye ki. Wanda ya ce wasan Gwaggo ba'a ce ga tsofaffin mata bai yi ƙarya ba, sai dai bai faɗi duka ba. Abin da ya hana wurin zama zambo tsantsa shi ne Leno ya riga ya sa jama'a sun so matar tun tana talaka, saboda haka dariyarsu ta gauraya da jin kunya a madadinta.

6.0 Ƙarshen Rayuwarsa

Abin mamaki shi ne labarin tsohuwar ya kusa zama nasa. Yana kan ganiyarsa ya ƙallafa rai a kan fitowa a wasannin Shakespeare, musamman Richard na III. Ya nemi manyan 'yan wasa irin su Herbert Beerbohm Tree da Constance Collier, bai sami karɓuwa ba. Jama'ar da suka so shi a Gwaggo ba su shirya ganinsa a wani abu ba. Ga aiki ba hutu, ga shan giya. A 1903 hankalinsa ya taɓu, aka kwantar da shi a asibitin masu taɓin hankali na Camberwell. Ya sami sauƙi ya yi wasansa na ƙarshe a Drury Lane a ƙarshen shekarar. Campbell ya mutu a watan Yuli na 1904, Leno ya bi shi ranar 31 ga Oktoba, yana da shekara 43. Dubban mutane suka cika titi domin rakiyar gawarsa.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa dariyar da ake yi wa Gwaggo iri biyu ce a ƙunshe wuri guda: ta wanda ya gane nasa, da ta wanda ya raina na ƙasa da shi. Gudummawar Leno ita ce ya rinjayar da ma'aunin zuwa ta farko, ta hanyar ba tsohuwar tarihi da damuwa da bakin magana. Waɗanda suka biyo shi, daga George Robey da Arthur Lucan zuwa Les Dawson, har da Ian McKellen, gwanin Shakespeare da ya fito a Mother Goose a 2022, a kan wannan ma'auni ake auna su. Muna ganin shi ne kuma ya kamata mai nazari ya riƙe duk inda ya ga namiji ya ɗaura zane a gaban jama'a: ya tambaya ko macen da aka kwaikwaya za ta iya zama cikin 'yan kallo ta yi dariya tare da su.