Almajiri, bara da bawa: kalmomi uku a Linjilar Hausa

Tun daga fassarar 1932, wadda Dakta Miller na Zariya yake cikin masu aikinta, Littafi Mai Tsarki na Hausa yana kiran mabiyan Yesu almajirai. Kalmar Girkanci da aka fassara, mathetes, ma'anarta mai koyo. Bafaranshe in ya karanta disciple, abin da yake gani ɗalibi ne mai bin ra'ayin wani masani. Bahaushe kuwa in ya ji almajiri, yaro yake gani wanda ya bar garinsu, yana ɗebo wa malam ruwa, yana yi masa itace, yana share zaure kafin ya ɗauki allo. Asalin kalmar ma daga Larabci yake, almuhajir, wanda ya yi ƙaura.

A ganina masu fassara sun dace, kuma sura ta 13 ta Linjilar Yahaya ita ce shaida. A daren jibin ƙarshe Yesu ya tashi daga cin abinci, ya tuɓe mayafinsa, ya yi ɗamara da tawul, ya zuba ruwa a daro, ya shiga wanke ƙafafun almajiransa. A ƙasar Yahudiya ta wancan zamani wannan aikin na ƙasa ne a gida. Bitrus ya ƙi da fari. Mai karatu a Maraɗi ko Damagaram ba ya bukatar sharhi kafin ya gane ƙin nan: wane almajiri ne zai miƙa ƙafa malaminsa ya durƙusa ya wanke? Kunyar da ta kama Bitrus tana cikin kalmar Hausa tun kafin a kai ga ayar.

Wahalar tana wani wuri. A Markus sura ta 10, Yakubu da Yahaya, ƴaƴan Zabadi, sun roƙi kujerar dama da ta hagu. Amsar da suka samu ta haɗa kalmomi biyu: diakonos, mai hidima kamar mai kai akushi, da doulos, wanda aka mallaka. Hausa ta ba su bara da bawa. Ta farko, a rubutun boko, ba ta da bambanci da barar da yaro yake yi da ƙoƙo a bakin tasha; sai a baki ake rarrabe su. Tun da almajiri ma a yau ya kusa komawa sunan mai bara, sabon mai karatu yana iya zaton ana yabon roƙo, alhali nassin aikin hannu yake nufi.

Ta biyu ta fi nauyi. A Nijar sai a 2003 doka ta mai da bauta laifin da ake hukuntawa, kuma a 2008 kotun CEDEAO ta ba Hadijatou Mani gaskiya a kan gwamnati. Kalmar bawa a nan ba ta tsufa ba. Wanda zai karanta wannan aya a gaban jama'a ya kamata ya lura da waɗanda aka faɗa wa ita: mutane ne masu neman mulki, bayan an nuna musu yadda sarakunan al'ummai suke danne talakawansu. Ba a tara barorin gida aka ce su ƙara haƙuri ba. Mai gidan da ya karanta wa yaron gidansa ita don ya ƙara masa aiki, ya juya ta baibai, domin a labarin nan wanda ake kira Malam shi ne ya ɗauki daro.