Jinjina ga Masu Jagora a Gidan Arewa

Daga Tirkaniya zuwa Gidan Arewa da ke titin Rabah ba nisa, gada ce kawai za a haye. Amma yaro nawa a unguwar nan ya taɓa taka ƙafarsa can?

Can ne gidan Sardauna Ahmadu Bello, inda aka kashe shi ranar 15 ga Janairu, 1966. A 1970 aka mai da shi cibiyar adana tarihi, Farfesa Abdullahi Smith ya fara shugabantarta. Jinjinata ga masu zagayawa da baƙi take. Kayan tarihi ba su da baki, su ne bakinsu. Sai ka ga ɗalibi ya tsaya gaban tsohon rubutun hannu na ajami, mai jagora ya tambaye shi: wa ya rubuta wannan, da wace tawada, don wa? Yaron da aka saba yi wa hadda sai ga shi yana tunani, har yana ja da malami cikin ladabi. Wannan aiki, wallahi, ya cancanci yabo.

Malaman makarantun Tirkaniya da Kakuri, don Allah ku haye da yaranku kafin zangon nan ya ƙare.