Muryar Ozzy da Waƙoƙin Sabbath: Nazarin Faifan Rabon Gado

A kiɗan heavy metal akwai wata al'ada da ta daɗe. Mawaƙi ya rabu da ƙungiyar da ta yi masa suna, ya ɗauki sababbin makaɗa, ya hau dandamali ya rera tsofaffin waƙoƙin ƙungiyar, sannan a naɗi wasan a fitar da shi a faifai da sunansa shi kaɗai. Paul Di'Anno ya yi haka da waƙoƙin Iron Maiden. Udo Dirkschneider na Jamus ya yi da na Accept a 2016. Amma wanda ya fi fito da abin da ke ƙunshe cikin al'adar shi ne faifan Speak of the Devil na Ozzy Osbourne, mai ɗauke da waƙoƙin tsohuwar ƙungiyarsa Black Sabbath, wanda ya fito a watan Nuwamba na 1982.

Mai karatu Bahaushe zai iya tambayar ina abin gardama. A wurinmu, waƙar Shata ta Shata ce, ko su wa suka yi kiɗa da amshi. A Black Sabbath ba haka ba ne. Samari 4 ne daga Birmingham ta Ingila suka kafa ta a 1968, kuma kowa da hannunsa a miya. Tony Iommi ke ƙirƙiro ƙirar kiɗan jita, Geezer Butler ke rubuta yawancin baitoci, Bill Ward na kan ganguna, Ozzy kuma ya ɗora murya. Da aka kori Ozzy a 1979 saboda shaye-shaye, aka kawo Ronnie James Dio, sai gadon ya rabu: suna da jita suka tsaya wuri ɗaya, muryar da jama'a suka saba da ita ta tafi wani wurin.

Ba kewa ce ta haifi faifan ba, lissafi ne. Ozzy na da sauran faifai a wuyansa na kamfanin Jet, mallakar Don Arden, mahaifin matarsa Sharon, kuma ma'auratan na neman hanyar fita daga hannun tsohon. Naɗar wasa ya fi shiga situdiyo sauri da araha. An yi niyyar fitar da wasannin da ya yi tare da Randy Rhoads, matashin mai jita da ya farfaɗo da shi a faifai 2 na farko, sai Rhoads ya mutu a haɗarin ƙaramin jirgin sama a Florida ranar 19 ga Maris 1982. Fitar da sautinsa a lokacin zai zama cin kasuwa da gawa, don haka aka jingine shi har 1987. Aka koma ga waƙoƙin Sabbath, waɗanda shi kansa Rhoads bai so a ɓata lokaci a kansu ba tun yana raye.

An naɗi wasan a zauren The Ritz na New York a ranakun 26 da 27 ga Satumba 1982, da Brad Gillis a jita, Rudy Sarzo a jitar bes, Tommy Aldridge a ganguna. Sarzo ya ba da labari a littafinsa cewa an ajiye wa Ozzy kujera da 'yar fitila a gaban dandamali, ga rubutattun baitoci a kai yana dubawa. Mutumin da ya zo nuna cewa waƙoƙin nasa ne, sai ga shi yana karanta kalmomin da wani ya rubuta.

Kunne ma yana jin giɓin. Iommi ya rasa kan yatsunsa 2 a masana'antar ƙarfe yana ɗan shekara 17, abin da ya sa ya koma ga siraran tsirkiya, daga baya ya sassauta ɗaurinsu. Daga nan sautin nan mai nauyi da jan ƙafa ya ƙara kauri. Gillis kuwa hannunsa na da zafi, yana cika kowane gurbi da ado, yana lanƙwasa sauti har ya yi kuka. Ward ya taso da kiɗan jazz, bugunsa na da rangaji, Aldridge kuma yana zuba ganguna biyu na ƙafa babu sassauci. A "War Pigs" tsohon salon yana barin shiru tsakanin bugu da bugu, kuma a cikin shirun nan tsoron waƙar yake. A The Ritz waƙoƙin sun fi ƙyalli da gudu, amma sun rage ban tsoro.

Sai dai kada a yi wa faifan rashin adalci. 'Yan makonni bayansa Black Sabbath ta fitar da nata wasan, Live Evil, da muryar Dio, kuma waƙoƙi 6 sun bayyana a faifan biyu, ciki har da "Paranoid", "Iron Man" da "N.I.B.". Dio ya fi Ozzy ƙwarewa da faɗin murya nesa ba kusa ba. Duk da haka, idan ya rera "Black Sabbath", sai ka ji gwani yana ba da labarin tsoro, alhali Ozzy, da siririyar muryarsa ta hanci, sai ka ji shi kamar wanda tsoron ya kama. Kowane ɓangare ya riƙe rabin abin, kuma kasuwar Amurka ta fi karkata ga rabin Ozzy, domin faifansa ya kai matsayin kwafi miliyan 1 a can.

Ga dalilin da ya sa irin wannan faifai kusan kullum na dandamali ne. Mawaƙin ba shi da ikon taɓa ainihin sautin da aka naɗa da tsohuwar ƙungiya. Idan ya sake naɗa a situdiyo, za a ce kwaikwayo ne. A gaban jama'a kuwa yana da shaidu: ihun dubban mutane da amshinsu su ne hujjarsa. Doka dai ba ta sauraron ihu. Sunayen mutum 4 ne a kan waƙoƙin, don haka duk kwafin da Ozzy ya sayar, Iommi da Butler da Ward na da kasonsu na marubuta.

Ozzy da kansa bai ɗauki faifan a bakin komai ba, har aka cire shi daga jerin ayyukansa da aka sake bugawa a 2002. Makaɗan asali 4 sun haɗu na ƙarshe a filin Villa Park ranar 5 ga Yuli 2025, Ozzy kuma ya rasu ranar 22 ga watan. Darajar Speak of the Devil a yau ita ce ta gwaji: an cire murya daga ƙungiya an ɗora ta kan wasu hannaye, sai aka gane iyakar abin da mawaƙi zai iya tafiya da shi. Yana iya jan masoya da kasuwa, amma nauyin kiɗan yana hannun waɗanda suka ƙirƙiro shi.