Ladan Tsoro: Fim ɗin Clouzot a Idon Mutanen Arlit

A cikin finafinan Faransa masu duhun labari, kaɗan ne suka kai Le Salaire de la peur, wato ladan tsoro, wanda Henri-Georges Clouzot ya fitar a 1953, ya kuma lashe babbar kyauta a Cannes da Berlin a wannan shekara. Labarin baƙi huɗu ne da talauci ya tsare a Las Piedras, wani gari na Kudancin Amurka. Da rijiyar mai ta kama wuta, kamfanin Amurkawa ya ɗauke su, dala 2,000 kowanne, su tuƙa kamiyo biyu maƙare da ruwan nakiya wanda gargada kaɗan ke tayarwa.

Clouzot bai yi garaje ba. Wajen sa'a guda ya ɗauka yana nuna zafi, da ƙudaje, da majiya ƙarfi zaune ba aikin yi, domin mai kallo ya gane abin da ke sa mutum ya sayar da ransa da araha. A kan hanya kuwa, kusan babu kiɗa, sai gurnanin inji da zufa.

Yves Montand, a matsayin Mario, ya yi ƙoƙari, amma Charles Vanel ne gwanin fagen. Jo ɗinsa ya shigo da taƙama, tsoro ya dinga zagwanyar da shi har ya koma abin tausayi. Dubi inda yake naɗa taba, iska ta kwashe ta daga takarda: da wannan muka fara sanin kamiyon abokansu ya tarwatse.

Mutumin Arlit ba ya buƙatar tafinta. Garin da aka kafa a 1969 saboda uraniyom ya san kamiyo masu kaya mai haɗari a kan hanyar Tawa, ya kuma san zaman kashe wando, musamman bayan rufe Cominak ta Akokan a 2021.

Nan ne kuma aibin fim ɗin yake. Tsoron Turawa kaɗai aka auna. Ƴan ƙasa, waɗanda gobarar ta fara ci, ado ne a bayan fage. Idrissou Mora-Kpaï a Arlit, deuxième Paris da Amina Weira a La Colère dans le vent sun ba irinsu baki. Ya kamata a kalli ukun a jere, sannan a tambaya: wa ke ɗaukar haɗari, wa ke ɗaukar riba?