4.3 Kwatanci Tsakanin iPhone da Wayoyin Android ta Fuskar Sauƙin Amfani da 'Yancin Mai Waya

A wannan fasali za a auna wayar iPhone ta kamfanin Apple, wadda ta fito a shekarar 2007, da wayoyin da ke aiki da tsarin Android na kamfanin Google, waɗanda suka shiga kasuwa a 2008. Ma'aunan guda biyu ne, wato sauƙin amfani na yau da kullum, da kuma ikon da mutum yake da shi a kan wayar da ya saya da kuɗinsa.

4.3.1 Sauƙin Amfani

Kamfanin Apple shi ke tsara wayarsa, shi ke kuma rubuta tsarin iOS da ke tafiyar da ita. Saboda haka wanda ya saba da iPhone ɗaya ba ya shan wahala idan ya koma wata. Haka nan kamfanin yakan daɗe yana sabunta tsofaffin wayoyinsa. Alal misali, iPhone 6s ta 2015 ta sami iOS 15 a 2021. Shi kuwa Android kamfanoni da dama ne ke ɗora shi a wayoyinsu, irin su Samsung da Tecno da Infinix, kowa da gyaran da yake yi masa, kuma masu arha daga cikinsu ba a daɗewa ana sabunta su.

Sai dai sauƙi ya danganta ne da buƙatar mai waya. Ɗan kasuwar da ke riƙe da layi biyu saboda matsalar sabis, wayar Tecno mai gurbin sim biyu da gurbin katin memori ta fi yi masa sauƙi. IPhone ba ta fara ɗaukar layi biyu ba sai a 2018, katin memori kuwa ba ta taɓa ɗauka ba.

4.3.2 'Yancin Mai Waya

A nan ne bambancin ya fi fitowa fili. Tun da aka buɗe rumbun App Store a 2008, ta nan ne kamfanin Apple ya ƙayyade wa jama'a samun manhaja. Bai yarda da wasu rumbunan ba sai a 2024, da dokar Tarayyar Turai ta tilasta masa, shi ma da farko a ƙasashen Tarayyar kawai. Mai Android kuwa yana iya ɗora manhaja daga wajen Play Store, ko da daga wayar abokinsa ce. Amma kowane allazi da nasa amanu, domin ta wannan ƙofa ce 'yan damfara kan cusa manhajojin satar bayanan banki.

Bugu da ƙari, 'yancin Android ɗin ma yana da iyaka. A 2019 takunkumin gwamnatin Amurka ya raba sababbin wayoyin Huawei da Play Store da sauran manhajojin Google. A 2025 kuma Google ya sanar da shirin tantance masu rubuta manhaja, har da waɗanda ba sa bi ta rumbunsa. Wannan ya nuna cewa mabuɗin ƙofar yana hannun kamfani ne.

4.3.3 Naɗewa

Bisa ga abin da ya gabata, iPhone ta yi fice wajen daidaito da daɗewar sabuntawa, amma kamfani ke yanke wa mai ita abin da zai ɗora. Android ya fi sakar wa mutum mara, tare da ɗora masa nauyin tsaron kansa. Idan aka haɗa ma'aunan biyu, Android ne ya rinjaya ga mai ƙaramin ƙarfi. Duk da haka rinjayen na sharaɗi ne, domin 'yancin da kamfani zai iya ragewa ranar da ya ga dama zanen aro ne, wanda Hausawa suka ce ba ya rufe katara.